Yadda Za Ka Saita Jan Ɗigon Bindigarka Kafin a Tura Ka Cikin Karnuka

Matso nan, maharbi. Cire harsashin, juya bakin bindigar wajen bango, ka ara mini kunnenka. In dai ka bi matakan nan yadda na jera su, na ɗaukar maka alkawari: duk inda jan ɗigon nan ya sauka, nan harsashinka zai sauka. In kuwa bai sauka ba, za ka tashi da hujjojin da za su ishe ka har tsufanka. Ta kowace fuska riba taka ce.

Sunana Minko. Na ƙare ƙuruciyata ina tuƙa motar safa tsakanin ƙauyenmu da gari, yanzu na ajiye aiki na koma ba maharba shawara kyauta, ko sun nema ko ba su nema ba. Duk faɗin duwatsun Rodopi babu maharbin da ya kai ni ƙarancin kuskure. Mahassada za su ce maka wai don ba na harbi ne. Ƙyale su.

In kai sabon shiga ne, jan ɗigo wani ɗan madubi ne da bai fi akwatin ashana ba, ana ɗaura shi a kan bindiga. Ka leƙa ciki, ka ga ɗigo ja yana haske, ka ɗora shi a jikin aladen daji, ka danna kunama. Shi ke nan. Sai dai kafin nan dole a sasanta ɗigon da harsashin su riƙa zuwa wuri ɗaya, kuma a nan ne ake buƙatar irina.

Duk abin da zan koya maka na gwada shi a kan Stamen, mijin ƙanwata Zlatka. Yana nan da ransa, kana iya tambayarsa.

Mataki na 1: Fara da jin kunya a bainar jama'a

Babu wanda yake neman jan ɗigo yana cikin jin daɗi. Sai duniya ta gama yi maka dariya tukuna.

A farautar ƙarshe ta bara wani ƙaton alade ya fito wa Stamen, kusa har yana jin warinsa. Stamen ya ɗaga bindiga ya saki wuta sau biyu. Aladen ya tsaya ya dube shi, ya yi tafiyarsa a tsanake. Wata bishiya ce da ba ta ci ba ba ta sha ba ta karɓi harsasan duka biyun.

Kawu Dobri, shugaban ƙungiyar maharban ƙauyenmu, tsoho ne gajere mai gashin baki kamar tsintsiya. Ya tako har gindin bishiyar, ya cire hula, ya yi mata ta'aziyya a gaban kowa. Da dariya ta lafa sai ya juyo.

"Stamen, ɗana, ranar buɗe farauta in ka sake kashe mana itace, ka sauka daga layi. Ka koma cikin masu kora."

Ka san abin da wannan yake nufi. 'Yan layi su ne masu tsayuwa gindin bishiya da bindiga suna jira kamar manyan baƙi. Masu kora kuwa cikin ƙaya suke kutsawa tare da karnuka, suna buga gwangwani suna ihu har murya ta dushe. Kuma wurin tsayuwar Stamen, gindin babbar bishiyar bakin kwazazzabo, nan mahaifinsa ya tsaya har ƙafafunsa suka gaza. A daren... a'a, tun da la'asar ya dawo gida, Zlatka ta ajiye masa kwanon wake, bai ko ɗaga cokali ba. Mutumin da ya ci kwano biyu ranar jana'izar kakarsa.

In kunyarka ta kai nan, ka cancanci mataki na gaba.

Mataki na 2: Sa wani ya saya maka

Kana da ɗa ko 'ya a ƙasar waje? Kowa a ƙauyenmu yana da su. Buga waya, kada ka roƙi komai. Ajiyar zuciya kawai za ka yi ta saukewa.

'Yar Stamen, Raya, aikin jinya take yi a Jamus.

"Baba, lafiya kuwa? Na ji muryarka wani iri."

"Lafiya lau, 'yata. Ƙarfen saitin bindigar nan ne ya tsufa. Ba ya gani sosai."

Ka lura da gwaninta. Ƙarfen ne ba ya gani. Kada ka kuskura ka bar maganar ta kusanci idonka.

Ba a jima ba kwali ya iso. A ciki za ka tarar da wata takardar bayani mai ninki-ninki da harsuna barkatai. Kada ka karanta. Namijin da ya karanta takardar bayani ya amsa a gaban iyalinsa cewa akwai abin da bai sani ba. Mu da ita muka hura gawayin gasa tattasai, kuma na shaida, takardar Jamus tana kamawa da kyau.

Mataki na 3: Ɗaura shi

A teburin cin abinci ake yi, a kan farin mayafin da matar gida take ajiye wa baƙi, lokacin da ta tafi tatsar akuya. In babu sukundireba, wuƙar shafa man shanu ta wadatar. In bakinta ya karye, tura ta ƙarƙashin kabad da ƙafa.

Stamen ya ɗaure, ya kunna, ya leƙa.

"Yaya Minko, babu komai a ciki."

"Ƙara leƙawa."

"Wallahi babu. Sun manta ba su zuba ɗigon ba."

Muka zagi kamfanin, muka zagi ma'aikatansa, muka haɗa da mai kawo saƙo. Can na lura cewa gaban abin ne yake kallon fuskar Stamen, bayansa yana kallon daji. Wannan ba kuskure ba ne, gwaji ne. Ta haka ake gane ko kayan na asali ne. Kwance, juya, sake ɗaurewa har jijiyar wuyanka ta fito.

Ɗigon ya bayyana. Akwai maɓallin ƙara masa haske. Kai shi ƙarshe, ya zama kamar garwashi. 'Yarka ba ta aiko da shi don a yi masa rowar batir ba.

Mataki na 4: Zaɓi wuri, ka gayyaci shaida

Mu tsohon ramin fasa dutse da ke bayan ƙauye muka nufa, don bangon dutsen ya tare duk abin da ya ɓace hanya. Muka gayyaci Kawu Dobri ya gani da idonsa cewa Stamen ya shiga zamani.

Kayan aiki: buhun dankali na ɗora bindiga, babban kwali, faranti, gawayi, banitsa, wato burodinmu mai cuku, da Zlatka ta gasa don wata manufa daban, gasasshen tattasai, da kwalbar barasar inabi. Kwalbar, Kawu Dobri ya ƙwace ta ya zauna a kanta. Dokarsa ce, babu mai ɗanɗana ko ɗigo sai bindiga ta koma jaka. A wannan ban yi masa gardama ba, kai ma kada ka yi.

Duk kayan nan a baron Zlatka muka lodo su. Ba mu tambaya ba. Tambaya tana jawo amsa.

Kifa farantin a tsakiyar kwalin, zagaye shi da gawayi. Ga abin harbinka. Sai a auna mita hamsin da taku. Nan za a yi rigima, domin Kawu Dobri ya taka da gajerun ƙafafunsa ya tsaya nan kusa, Stamen kuma ya taka da nasa zaƙo-zaƙo ya kusa fita daga ramin.

"Kawu, wannan ai takun agwagwa ne."

"Kai kuma na raƙumin dawa. Da wannan takun na auna filin coci tun kana tsotson yatsa."

Na raba gardama na ajiye kwalin a tsakaninsu. Iska tana kaɗawa, sai muka jingina shi da baron.

Mataki na 5: Harba uku, ka je neman su

Kwanta, ɗora bindiga a buhun, buɗe idanu duka biyu, riƙe numfashi, danna a hankali. Sau uku. Cire sauran harsashi, sannan a tafi dubawa, ana tafiya ana murmushi.

Kwalin yana nan fes kamar yau aka fito da shi daga kanti.

Kada ka firgita. Duƙa ka shafa kwalin da tafin hannu kamar mai neman kuɗin cizo, ka ce, "Ina jin duka ukun rami ɗaya suka bi, ramin kuma ya rufe." In ba a karɓa ba, akwai iska, akwai rana, akwai dankalin da ya motsa a buhu, akwai harsashin da ya kwana cikin sanyi.

Muna cikin jero waɗannan sai muka ji wani siririn fito, fiiii. Tayar baron ce take sallamar duniya. Harsashi na biyu muka same shi a mariƙin baron. Na ukun har yau babu labarinsa.

Stamen ya dafe kai. "Zlatka za ta kashe ni."

"Ci gaba ne," na ce masa. "Bara itace, bana ƙarfe."

Mataki na 6: Murɗa, kowa ya murɗa

A jikin madubin akwai 'yan murfi biyu, ɗaya a sama ɗaya a gefe. Buɗe su. Na sama yana kai harsashi sama ko ƙasa, na gefe dama ko hagu. Da kwabo ake murɗawa, yana yin ƙas, ƙas, ƙas. Akwai 'yar kibiya a jiki.

Kawu Dobri ya ce kibiyar tana nuna inda harsashi zai koma. Ni na ce inda ɗigon zai koma take nunawa. Stamen ya ce mu duba takardar bayani, muka dubi tattasan. Daga baya an gano Kawu ne da gaskiya, amma ni na fi shi ɗaga murya, saboda haka muka yi adalci: ya murɗa nasa, na murɗa nawa, Stamen ya ƙara kaɗan don albarka.

Aka harba. Ɗaya can sama, ɗaya ya tone ƙasa, ɗaya kuwa, jama'a, ɗaya ya shiga cikin da'irar farantin!

Muka yi ihu. Muka kama kafaɗun juna muka taka rawa a kan tsakuwa, Kawu Dobri yana kaɗa hula yana tsalle kamar ɗan akuya, Stamen yana kiran sunan mahaifinsa. Na sumbaci kwalin. Aka dawo aka sake harbawa don tabbatarwa.

Kada ka taɓa tabbatarwa. Na gaba ya fasa wani dutse da ke nesa da kwalin da tsawon mota.

Stamen ya zauna a kan buhun dankalin, ya daɗe yana sosa ƙeya. Sannan ya yi ƙasa da murya.

"Kawu, wai don Allah da wanne daga cikinsu ake saitawa?"

"Wanne me?"

"Ɗigogin."

"Ɗigogi nawa ne?"

"To, suna da ɗan yawa. Kamar nonon inabi. Ni dai kowane harbi nakan zaɓi wanda ya fi nuna."

Kawu Dobri ya fizge bindigar ya leƙa, ya runtse ido, ya buɗe. "Wane irin inabi? Talibambam ne, ga kai ga wutsiya. Da kan ake saitawa."

Na karɓa don in kashe maganar a matsayina na masani. Abin da na gani gizo-gizo ne ja, ƙafafu ta ko'ina.

Yanzu ka natsu, nan ne hikimar take. Dattawa uku sun leƙa madubi ɗaya, sun ga abu uku. Mai ƙaramin tunani zai zargi idanun. Mu kuwa nan take bakinmu ya zo ɗaya: Jamusawa sun turo mana wanda ya lalace.

Mataki na 7: Kada matarka ta san inda kuke

Wannan matakin mu ba mu yi shi da kyau ba. Duk ƙauye yana jin ƙarar harbi, kuma Zlatka tana da kabejin da za ta kwaso daga lambu.

Muna tsara wasiƙar zagin da za mu aika wa kamfani sai ga ta a bakin ramin, hannu a ƙugu. Ta sauko. Ta dubi tayar. Ta dubi mariƙin. Ta dubi farantinta, ta dubi abin da ya rage na banitsa.

"Yaya, kai ne babba a nan ko Kawu?"

"Ai ni shawara kawai..."

"Na sani. Shawararka ce ta sa rufin kejin kajina yake yoyo."

Stamen ya yi ta maza. "Zlatka, abin ne ya zo a lalace. Ɗigon a tarwatse yake. Leƙa ki gani in ba ki yarda ba."

Ta tabbatar babu harsashi, ta leƙa. Ta rage hasken da babban yatsa, ta sake leƙawa.

"Ɗigo ɗaya ne. Zagaye, kamar kan allura."

"Ke ba maharbiya ba ce," in ji Kawu Dobri.

"Haka ne, Kawu. Shi ya sa duk bishiyoyin ƙauyen nan suke gaishe ni."

Ta sa hannu a aljihun zanen girkinta ta zaro wata tsohuwar safa. A cikin safar akwai tabarau. Ashe tun hunturun da ya wuce Raya ta ja uban nata wurin likitan ido a gari, aka yanka masa gilashi, shi kuma ya dawo ya ce wai ya faɗa kogi. Zlatka ta tsince shi a cikin amyar zumar da babu ƙudan.

Fuskar Stamen ta yi ja kamar tattasai. "Ni ba zan sa ba. Maharbi da tabarau? Su riƙa ce mini malamin lissafi?"

"Gara malamin lissafi da mai buga gwangwani. Sa, ko in kira Raya yanzun nan ka yi mata bayanin kogin."

Ya sa. Ya ɗauki bindigar ya leƙa. Ya daɗe a haka.

"Ɗaya ne," ya ce a hankali.

Ya sauke bindigar, ya ɗaga kai. Ya dubi bangon dutsen, ya dubi tsaunin da ke tsallake, ya ce ashe ana hango gicciyen cocin ƙauyen can daga nan. Ya dubi ganyen bishiyoyi ɗaya bayan ɗaya kamar wanda aka sako daga kurkuku. Sannan ya juyo ya dubi matarsa. Baki buɗe.

"Zlatka, yaushe kika yi furfura haka?"

"Tun satin da na aure ka."

"Ta yi miki kyau," in ji shi. Kuma da gaske yake.

Ƙanwata, wadda ban ga ta ji kunya ba tun tana 'yar firamare, ta kau da kai tana gyara ɗankwali. Ta ce ya daina shirme ya yi abin da ya kawo shi, kabeji na jira.

Ya kwanta ya harba uku. Duka ukun suka taru wuri ɗaya, tafin hannu zai rufe su, ƙasa da farantin ta hagu. Ya murɗa sama, ya murɗa dama, yadda Kawu ya ce. Ya sake uku. Tsakiyar da'ira.

Kawu Dobri ya tashi daga kan kwalbar. Ni kuwa na ja Stamen gefe na gargaɗe shi a matsayin ɗan'uwa: daga yau ba shi da iska, ba shi da rana, ba shi da Jamusawa. In ya kuskure, shi ne ya kuskure. Ban san yadda mutum zai rayu a haka ba.

Baron a kafaɗa muka kai shi gida.

Mataki na 8: Ranar farauta, tsaya inda aka ajiye ka

Dokoki biyu ne, Kawu Dobri yana maimaita su kowace shekara har mun haddace. Kada ka bar wurin tsayuwarka. Kada ka cire falmaran ɗinka mai ruwan lemo, wadda ake hango ka da ita. Dokoki ne masu kyau, ina goyon bayansu ɗari bisa ɗari.

Sai dai wanda ya kafa su bai yi la'akari da naman kaza ba.

An ajiye ni a saman kwazazzabo, Stamen yana gindin bishiyar mahaifinsa a ƙasa, da tabaransa da jan ɗigonsa. An yi ruwa a makon. Karnuka suna can nesa, ko haushinsu ba a ji sosai. Na dubi ƙasa sai ga wani naman kaza mai kai kamar burodi. Gabansa wani. Gabansa kuma iyali guda. Irin waɗanda ake soyawa da man shanu mutum ya manta sunansa.

Na jingina bindiga. Na ce ɗaya kawai. Aljihu ya cika, hula ta cika. Ina zan zuba sauran? Kai ma in kana da hankali ka san falmaran in aka cire ta aka ɗaure bakinta jaka ce mai kyau.

Haka na bi su da rarrafe, ina gangarawa cikin duhuwar ciyawa, sanye da tsohon kwat ɗina na ulu mai ruwan ƙasa. Ni mutum ne mai jiki, Allah ya hore. Kuma duk wanda ya kai shekaruna in yana rarrafe yakan ɗan yi gurnani.

Sauran labarin daga bakin Stamen na ji shi.

Ya ce ya ji motsi a duhuwa ta samansa. Ya ji gurnani. Ya hango wani abu mai faɗi, ruwan ƙasa, yana tono yana gaba, ɗuwawu yana juyawa. Ya ce a ransa, yau Kawu zai haɗiye gashin bakinsa. Ya ɗaga bindiga, ya cire makullin kunama, jan ɗigon ya zauna daram a tsakiyar abin, ɗaya tak, zagaye. Yatsansa yana kan kunama.

Ya ce da bara ne da tuni ya danna, domin bara duk abin da yake gani ke nan: wani abu ruwan ƙasa yana motsi. Amma yanzu da yake ganin kowane ganye, sai ya ji yana so ya ga kan dabbar tukuna, ya ga haurenta. Ya jira. Abin ya ƙara fitowa. Sai ya ga aladen yana da faci a ɗuwawu, shuɗi mai layi-layi, kuma ya san yadin, domin daga tsohuwar rigarsa Zlatka ta yanka.

Sai aladen ya yi atishawa ya ce, "Wash, gwiwata."

Ni dai abin da na sani, ina miƙa hannu wajen wani ƙato sai na ji an kira sunana da wata murya da ban taɓa ji ba. Na ɗago. Stamen ne yake hawowa, bindiga a buɗe a hannu, harsasai a ɗaya hannun, fuskarsa fara fat kamar cuku. Ya iso ya ajiye bindigar a hankali. Ya cire hularsa ya shiga tafka mini ita a ka, yana zagina, yana zagin naman kaza, yana zagin motar safar da na tuƙa. Sannan ya durƙusa ya rungume ni, ya fashe da kuka, tabaran ya yi hazo.

"Ɗan banza, me zan gaya wa Zlatka? Me zan gaya mata?"

Sai a lokacin na gane inda ɗigon ya zauna. Ban yi kuka ba, ni ba mai kuka ba ne. Ciyawar ce take da yaji.

Muna nan a ƙanƙame da juna sai ƙasa ta fara rawa. Garke guda na aladu, manya da ƙanana, suka keto ta gindin bishiyar mahaifin Stamen, daidai inda ya kamata a ce yana tsaye, suka tsallake kwazazzabon suka shige. Karnuka a bayansu. A bayan karnukan kuma masu kora, jina-jina da ƙaya, suna tambayar wane matacce ne aka ajiye a wurin nan.

Mataki na 9: In an zauna shari'a, yi shiru ka soya naman kaza

Da rana aka taru a bakin wuta, babu alade ko ɗaya. Kawu Dobri yana huci, gashin bakinsa yana tashi yana sauka.

"Stamen! Garke guda ya bi ta kan takalminka, ko tari ba ka yi ba. Ina ka tafi?"

Stamen ya miƙe ya faɗi komai, bai rage ba, har facin. Aka fara dariya, wani har ya faɗo daga kan kututture. Amma dariyar ba ta yi nisa ba. Ɗaya bayan ɗaya suka koma kallon wuta. Na san abin da suke tunani. Rabinsu sa'o'ina ne, kuma kowannensu ya taɓa sakin wuta a kan wani abu ruwan ƙasa mai motsi.

Kawu Dobri ya daɗe yana murza hula. Ya miƙa hannu, Stamen ya ba shi bindigar babu harsashi. Ya leƙa.

"Har yanzu talibambam ne," ya ce.

Babu wanda ya yi dariya.

"To ku ji. Stamen yana nan a gindin bishiyar ubansa, har sai ya gaji da kansa. Ranar Litinin kuma duk wanda ya haura hamsin a ƙungiyar nan, har da ni, za mu gari wurin likitan ido. Wanda bai je ba, bindigarsa ta zauna a gida."

Na ɗaga hannu na ce ni zan tuƙa su, tunda na san hanyar ido rufe.

"Abin da muke tsoro ke nan," in ji Kawu. "Zlatka za ta tuƙa. Kai kuma daga yau kana cikin masu kora."

Mun je. Likitar yarinya ce mai haƙuri, ta ce ba ta taɓa ganin dattawa da yawa haka suna raɗa wa juna amsa ba. Yanzu in ka zo layinmu ranar Asabar sai ka rantse taron malaman makaranta ne aka raba wa bindigogi. Sati biyu bayan nan Stamen ya kayar da ƙaton alade da harsashi ɗaya, kuma ni na koro masa shi, ko da yake wasu sun ce aladen ne yake koro ni.

Zlatka ba ta yi mini faɗa ba. Ta zo gidana da safe, ta daɗe tana kallona daga bakin ƙofa, sannan ta ciro ƙararrawar wuyan bunsurunta ta ɗinke ta a ƙeyar kwat ɗina da zare ninki huɗu. Ta ce in na cire, ita da kanta za ta ari bindigar, kuma ita ɗigo ɗaya take gani.

Sanarwa

Mai wannan jagora ba shi da alhakin tayar baro, wuƙar man shanu, farin mayafi, kabejin da ya kwana a lambu, ko duk wata bishiya da ta riga mu gidan gaskiya. In ka bi matakan nan ka yi nasara, ni na koya maka. In ka kuskure, ka je a duba idonka, kuma kada ka ce ka san ni. Mai ƙorafi ya same ni a daji ranar Asabar. Ba zan yi wuyar samu ba, tun daga bakin ƙauye ake jin tahowata.